Matokarin bindiga: ciyawar wurin farauta ce ke zaɓar maka tsayinsa

Har yau ina jin haushin shawarar da ake bai wa duk wanda ya sayi bindigar harbin nesa a Amurka, wai ya saka mata gajeren matokari mai ƙafa biyu, na inci 6 zuwa 9, don shi ya fi tsayawa daram. Mai kanti ya faɗa mini haka, abokan harbi ma suka maimaita. Ba ƙarya suka yi ba, amma maganar filin koyon harbi suke yi, inda aka share ƙasa fes, babu ko tsinke tsakaninka da allon da kake hari. Ni kuwa farautar barewar pronghorn zan je a jihar Wyoming.

A can ba ka samun lasin wannan farauta a wurare masu kyau sai ka ci ƙuri'a. Sakamako ya fito a watan Yuni, na samu, na kwashe watannin zafi ina atisaye da bindigata mai cin harsashin 6.5 Creedmoor. Rub da ciki a kan tabarma, yadi 400 ba ya ba ni wahala. Na tafi da ƙarfin gwiwa.

Abin da babu wanda ya ambata mini shi ne tsiron da ya rufe wannan ƙasa. Ɗan'uwan tazargade ne, har ƙamshin ya yi kama, yana kai wa gwiwar mutum, wani wurin ya wuce. Pronghorn dabba ce mai kaifin ido, kuma tana iya gudun da ya kusa kilomita 90 a awa, don haka ba a tunkarar ta a tsaye. Rarrafe ake yi, ƙayar kaktus tana shiga tafin hannu da gwiwa. Na rarrafa har na'urar auna nisa ta nuna namijin yana ƙasa da yadi 300, nisan da ba na shakka a kansa. Na buɗe ƙafafun matokari, na kwanta, na sa ido a madubin saiti. Ganye kawai nake gani. Na zaro ƙafafun har ƙarshensu, inci 9, ganyen dai. Na ɗaga bindigar na ɗora a kan gwiwa, saitin yana rawa yana shiga jikin dabbar yana fita. Ban taɓa kunama ba. Mutumin da zai yi bisimilla ya harbi abin da zai ci ba ya caca da ran dabba, ya fasa mata ciki ta tafi ta mutu a wahale inda ba zai same ta ba. Ina wannan kici-kici wata macen ta hango ni, garken ya watse.

Kuɗin lasin, kuɗin mai, hutun da na ɗauka a wurin aiki, duk inci kaɗan na ƙarfe ne suka tsaya tsakanina da amfaninsu.

Da na dawo na sayi matokari ƙirar kamfanin Harris mai tsayin inci 12 zuwa 25, wanda ake harbi da shi a zaune. Ya fi nauyi, kuma in ka naɗe shi ƙafafun suna miƙewa kusan bakin bindiga suna kama reshe. A kwance ma ya yi tsayi da yawa, sai ka ɗaga ƙirji, wuya ya gaji. Amma a zaune, gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, jakar baya a rungume a ƙirji tana tallafe gindin bindigar, kana kallon dabbar ta saman tsiron, kuma saitin yana natsuwa yadda za ka amince da shi. Da shi na samu nama a kakar da ta biyo, kuma daɗin da na ji bai goge takaicin farko ba.

Abu na biyu da filin atisaye yake ɓoyewa shi ne karkata. A daji babu ƙasar da take a miƙe. Ƙafa ɗaya tana kan dutse, ɗaya a rami. In matokarinka ba ya juyawa hagu da dama a mahaɗinsa, bindigar za ta karkata tare da ƙasar. A yadi 100 ba za ka lura ba. Amma a nesa bakin bindiga sama yake kallo kaɗan don ya rama faɗuwar harsashi, to da zarar ta karkata, wani ɓangare na wannan ɗagawar yana komawa gefe. Karkatar digiri 5 a yadi 600 tana iya kawar da harsashi kusan taƙi guda, kai kuma ka ɗora laifin a kan iska. Na Harris masu harafin S a lambarsu su ne ke juyawa. Matokari ƙirar Atlas ma yana yi, kuma ƙafafunsa suna kullewa a digiri 45 ko 90, gaba ko baya, sai dai kuɗinsa ya ninka. Ko wanne ka saya, haɗa da ɗan ma'aunin nan mai kumfa irin na magina a jikin madubin saiti, don ido yana yaudara a kan gangare.

Duba mahaɗin bindigarka tun kafin ka biya kuɗi. Wasu matokaran a ɗan ƙarfen igiyar rataya suke kamawa, wasu sai da layin Picatinny ko M-LOK ko Arca, wato nau'o'in mahaɗin da ake maƙala kaya da su a jikin bindiga. In kuma gaban ƙotar roba ce mai laushi, tana iya lanƙwasawa ta taɓa bututun lokacin da ka danna bindigar a kan matokari, harsashi ya sauya wurin sauka. Zura takardar kuɗi tsakanin bututu da ƙota yayin da nauyin bindigar ke kan matokari. In ta maƙale, akwai gyara.

Dannawar da kanta sai an koya. Kafaɗa za ka tura gaba kaɗan har ƙafafun su ɗauki nauyi, kuma daidai gwargwado a kowane harbi. A kan teburin kankare ƙafafun suna tsalle, shi ya sa na daina gyara saiti a can. A ƙasa nake yi, a zaune, yadda zan yi a daji.

Gajeren yana nan, ina amfani da shi a filin atisaye. Amma yanzu kafin na nemi lasin kowane yanki, sai na kira wanda ya taɓa farauta a wurin na tambaye shi inda ciyawar take kai masa, idon sawu ko gwiwa ko ƙugu. In ya ce ƙugu, matokarin ma barin sa nake a gida, in ɗauki mai ƙafa uku da ake harbi a kansa a tsaye.