Sanwic da mitfai a ƙaramin gidan burodi a Kaduna

Ma'aikacin da ofishinsa ke kan titin Independence, ko wanda ke aiki a bankuna da shagunan titin Ahmadu Bello da na Yakubu Gowon, ba kasafai yake samun komawa gida cin abincin rana ba, musamman idan gidan nasa yana Kawo ko Rigasa ko ƙetaren gada wajen Barnawa. Abin da ya mallaka shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin sallar Azahar da komawa bakin aiki, kuma duk wanda ya taɓa cin tuwo ko shinkafa da wake a wannan lokaci ya san kasalar da ke biyo baya. Ƙananan gidajen burodi masu 'yan kujeru, irin waɗanda ake samu a Unguwar Rimi da Malali da titin Isa Kaita, da irin wannan mutum suke ciniki da rana.

Wanda nake zuwa bai fi shago biyu girma ba. Murhun gashi yana ta baya, a gaba kuma akwai akwatin gilashi da ake jera mitfai da donot da samosa da yankakken kek, sai firij mai zoɓo da kunun aya da lemon kwalba. Abin da ya sa na fifita shi a kan manyan wuraren cin abinci shi ne kaɗan yake gasawa, kuma gab da lokacin da za a ci yake gasa shi.

A ganina burodi ne ke yanke wa sanwic hukunci tun kafin a zo maganar abin da aka cusa a ciki. Burodin da muka saba da shi mai zaƙi ne, mai laushi, an yi shi ne domin a tsoma a shayi, kuma a teburin mai shayi ba shi da na biyu. Amma idan aka shafa masa mayonis, aka zuba kabeji da tumatir da kifin gwangwani, sai ya jiƙe ya lanƙwame, zaƙinsa kuma ya yi ta faɗa da gishirin kifin. Mai wannan shago tana yin kwaɓi daban domin sanwic, mai ƙarancin sukari, tana barinsa ya tashi da yis a hankali har ya yi ɓawo mai ɗan tauri da zai riƙe abin da aka ɗora masa. Wannan haƙuri na da muhimmanci, domin gaggawar kumbura burodi ce ta sa wasu masu gashi suka riƙa zuba sinadarin bromet, wanda hukumar NAFDAC ta haramta saboda illarsa ga lafiya.

Sai kuma lokacin haɗawa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta a Kaduna, sanwic mai ƙwai da mayonis da aka haɗa tun safe aka naɗe a leda ba abin yarda ba ne da ƙarfe biyu na rana, balle idan wuta ta ɗauke firij ya huce. Da hunturu kuwa matsalar takan juya, sai iska ta busar da yankakken burodi kafin ya kai ga mai saye. Maganin duka biyun ɗaya ne, wato a haɗa shi a gaban mai ci. Yaron shagon yakan tambaya: "Yallaɓai, kaza ko kifi? A sa yaji?" Minti kaɗan ɗin da ake jira ba asara ba ne.

Mitfai ya fi sanwic tona asirin mai gashi. Ɓawonsa yana so a murza fulawa da bota mai sanyi har ta yi kamar gari, a sa ruwa kaɗan, kada a cika cuɗawa, domin cuɗawa da yawa ce ke mayar da shi tauri ya riƙa jan haƙori. Mai kyau yakan ruguje a baki, ba ya barin maiƙo a leɓe. Cikinsa kuwa niƙaƙƙen nama ne da albasa da karas da dankalin Turawa, wanda galibi daga Filato ake kawo mana shi. Dankalin mataimaki ne, aikinsa ya riƙe romo, amma a wurare da yawa ya zama shi ne mai gida, sai mutum ya gutsura har sau biyu bai gamu da nama ba.

Ba na ɗora wa masu sana'ar laifin gaba ɗaya. Yawancin alkamar da ake niƙa fulawarmu daga waje ake shigo da ita, duk da noman rani da ake yi a Kadawa ta jihar Kano da kwarin Haɗeja. Gwamnatin Babangida ta taɓa hana shigo da ita a 1987 domin a dogara da ta gida, amma aka janye hanin a 1992. Saboda haka yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya taɓa buhun fulawa a kasuwar Sheikh Gumi, sannan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 suka bi ta kan bota da sukari da gas da man janareta. Mai ƙaramin shago zaɓi biyu gare shi, ko ya ƙara kuɗi ko ya rage abin da ke ciki. Ni na fi son a ƙara kuɗin a faɗa mini, kuma Hajiya mai shagon da nake zuwa hakan ta yi. Ta ma fito da ƙaramin mitfai ga wanda aljihunsa bai kai babba ba, amma naman da ke ciki bai ragu ba.

Inda nake ganin shagunan nan sun gaza shi ne wajen abin da suke cusawa a burodi. Kullum kaza ce da kifin gwangwani da ƙwai, alhali mun daɗe muna cusa ƙosai mai zafi a burodi, muna cin gurasa da tsire da ƙuli-ƙuli da albasa tun kafin a kafa waɗannan wurare. Dambun nama ba ya jiƙa burodi, ba ya kuma lalacewa da zafi kamar mayonis, balangu mai yaji kuwa zai zauna daram a burodin nan maras zaƙi. Na yi wa Hajiya wannan magana, ta ce masu zuwa wurinta abin Turawa suke nema, wanda yake son gurasa ya san inda zai same ta. Ban gamsu ba, domin mahauci yana nan a bakin layinta, kuma ba ta taɓa jarraba ko da faranti ɗaya ta ga yadda za a karɓe shi ba.