Daga Maraɗi zuwa Idu, da Ido a kan Ƙarshen Dogo

Bayan sallar asuba muka bar Maraɗi ta hanyar Ɗan Isa, muka tsallaka iyaka, muka wuce Jibiya zuwa Katsina. Niyyata in kai Rigasa a Kaduna in hau jirgin ƙasa zuwa Idu ta Abuja, in ga irin dogon da ake jawo mana. Mu a Nijar ba mu da jirgin fasinja. Dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 yana nan kwance, ba a aiki da shi. Shi ya sa hirar cikin mota duk ta koma kan layin Kano zuwa Maraɗi: kilomita 284, ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke ginawa. Ƴan kasuwa na ta lissafin buhunan wake da aya da fatun jar akuya. Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Maraɗi ce tashar ƙarshe. A garinmu ƙarfen zai yanke, kuma duk jirgin da ya kasa tsayawa, mu zai faɗo wa.

Daga Katsina na zaɓi bi ta Daura don in ga aikin. Tsakanin Daura da Kazaure na sauka na duba kusa: tudun jar ƙasa da aka daddaɓe, fasasshen dutse mai kaifi a kai, sai gumagumai na kankare a jere waɗanda ƙarfen ke hawa. Kaifin dutsen da gangan ne, don ya sarƙe da juna ya riƙe kankaren. Tsakuwar gulbi mai santsi zamewa take yi. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,435 ne, ya fi tsohon dogon da ya iso Kano a 1911 faɗi, mai milimita 1,067. Na kwana Kano, washegari na wuce Kaduna.

Layin Rigasa zuwa Idu kilomita 186 ne, an buɗe shi a watan Yulin 2016. A daji jirgin lafiya lau yake tafiya. Sai an doshi tasha za ka ji ƙafafun sun yi ƙwas-ƙwas, taragon ya ɗan girgiza. Wurin sauya layi ke nan, kuma nan ne raunin kowace tasha. Akwai ƙarfe biyu masu siririn baki kamar harshe, waɗanda ake turawa dama ko hagu su manne da dogon. Ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki, shi ke bin harshen. In harshen bai manne sarai ba, ko da ratar ƴan milimita ce, leɓen na iya kutsawa tsakani: ƙafafun gaba su bi wannan layi, na baya su bi wancan, taragon ya karkace ya sauka. Abin da ke jawo haka ƙanana ne. Dutse ɗaya ya maƙale, yashi ya cika gurbin, noti ya kwance, sandar da ke tura harshen ta lanƙwashe, ko wani ya juya layin alhali wutsiyar jirgin ba ta gama wucewa ba. Maganinsa kulle ne da ke danne harshen, a kuma haɗa kullen da fitilar ba da hanya, yadda ba za ta nuna kore ba sai ya kama. A kan wannan layin ma jirgin fasinja ya sauka daga dogo kusa da tashar Kubwa a watan Janairun 2023, ya kuma sake faruwa kusa da tashar Asham a watan Agustan 2025.

A wata tasha da muka tsaya, tagata ta yi daidai da ƙarshen wani gajeren layin ajiye taragu. Ga matokari nan, wato abin da ake kafawa a ƙarshen dogo don ya tare jirgi: ƙarafa biyu sun tashi daga dogon a karkace kamar mai tokare ƙofa da kafaɗa, an gitta musu ƙarfe mai fenti ja da fari. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ga na ƙura masa ido, ya ce, "Ɗana, wannan ɗan abin ne zai tare jirgi? Ba birki gare shi ba?" Na ce, "Baba, yana da birki. Wannan na ranar da birkin ya ƙi ne."

Birkin jirgi da iska yake aiki. Bututu ɗaya ne ya taso daga kan jirgi, wato injin da ke jan taragu, har tarago na ƙarshe, cike da iskar da aka matse. Direba ya rage iskar, birkin kowane tarago ya kama. Bututun ya tsinke, duka su kama da kansu. Dabara ce mai kyau, amma tana da kafa. A mahaɗar kowane tarago akwai famfo, in an haɗa taragu aka manta ɗaya a rufe, duk na bayansa ba su jin umurnin direba. Don haka kafin a tashi sai an kama birki, mutum ya taka da ƙafa har wutsiya ya tabbatar na ƙarshen ya kama, an saki ya saki. Ranar da aka ce ana sauri aka tsallake wannan tattakin, sai a bakin tasha za a gane.

Matokari iri uku ne. Akwai kafaffe, kamar wanda muka gani, ko dunƙulen kankare. Ya isa ga taragon kaya da ya gangaro a hankali, amma ga jirgin mutane bango ne kawai: tsayawar farat ɗaya ce, kuma fasinja a lokacin sun miƙe tsaye suna sauke kaya. Akwai mai bututun mai, wanda bugun ke tura sandarsa ciki, man ya riƙa fita ta ƙananan huda yana shanye ƙarfin. Sai mai zamewa, wanda a ganina shi ya dace da mu. Ba a kafe shi ba, an ɗaure shi ne a kan dogo da takalman ƙarfe da aka matse da noti. Jirgi ya buge shi, sai ya ja baya yana gurzar dogon, yana cin karo da ƙarin takalman da aka jera a bayansa, riƙon na ƙaruwa har a tsaya.

Ga lissafin da ya kamata duk mai ruwa da tsaki ya riƙe. Gudu in ya ninka biyu, ƙarfin bugu huɗu yake ninkawa. Ɗauki jirgi mai tan 400, da matokarin da aka matse ya yi riƙon da ya kai nauyin tan 40. In jirgin ya zo da gudun kilomita 10 a awa, zai ja matokarin kusan mita 4. Da kilomita 20, sama da mita 15. Da kilomita 30, kusan mita 35. Ke nan dole a bar dogo lafiyayye a bayan matokarin, fili fetal. Dole kuma fuskarsa ta yi daidai da tsayi da irin maƙalar haɗa taragu da ke gaban jirgin, in ba haka ba jirgin hawa kansa zai yi. Notin ma da ma'auni ake ɗaure shi: ya yi sako-sako abin ya sulale banza, ya yi tsanani ya zama bango. Kuma kada giris ya taɓa wannan yankin dogon.

Duniya da jini ta koyi wannan. A tashar Once ta Buenos Aires a Ajantina, ranar 22 ga Fabrairun 2012, jirgin safe ya bugi matokari, tarago na biyu ya kutsa cikin na farko, mutum 51 suka rasu. A tashar Ramsis ta Alƙahira, ranar 27 ga Fabrairun 2019, kan jirgi ya taho ba direba a ciki, ya bugi ƙarshen layi, tankin mansa ya kama da wuta, sama da mutum 20 suka rasu. A Moorgate ta Landan, a 1975, mutum 43 ne. Bayan nan aka sa na'urar da ke auna gudun jirgi tun kafin ƙarshen layi, ta kama birki da kanta in ya wuce ƙa'ida. Wannan na'urar ta fi kowane matokari muhimmanci, don ita ke sa bugun ya zo daidai da abin da aka gina shi ya ɗauka.

Mun isa Idu lafiya. A hanyar komowa, bayan mun wuce Ɗan Isa, iska ta taso, na ga yashi na rarrafe a kan kwalta kamar ruwa. Wannan yashin zai shiga gurbin harshen sauya layi, ya haɗu da giris ya daskare. A lokacin hunturu sai an share kullum, ba mako-mako ba. Zafin Afrilu kuma, da ke wuce digiri 40, zai miƙar da ƙarfe: dogo mai mita 100, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yana ƙara kusan santimita uku da rabi, in tsakuwar gefensa ta yi ƙaranci sai ya bauɗe. Damina ta zo, ruwan da ke cika Gulbin Maraɗi na iya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin dogo a dare ɗaya.

Da muka shigo gari da la'asar, na tsaya bakin tashar mota ina kallo. Ba taku biyar na fili da ba a kafa wani abu ba: mai shayi da bencinsa, mai tsire, ƴan kabu-kabu a jere, yarinya da farantin gyaɗa. Haka muke, kuma neman halal ne. Amma mitocin nan na bayan matokari, su ne za su fi kowane wuri kama da filin da ba mai shi, ga su daf da inda fasinja ke fitowa. Tun a takardar zane ya kamata a kewaye su da katanga, a kauda ɗakin jira da wurin sayar da tikiti daga saitin layin zuwa gefe, a kuma ware wa masu sana'a rumfunansu a can gefen tun kafin jirgin farko ya iso.