Me za mu fara koya kafin damina?

Shugabar asibitinmu ta ce za a shirya mana bita, kowa ya faɗi abin da yake so a koyar. Matasa suka ce kwamfuta, tunda rahoto yanzu ta intanet ake turawa. Suna da hujja.

Amma na ce mata, Hajiya, damina ta ƙarato. A ƙauyukanmu na wajen Kiyawa, daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro da tamowa kan haɗu a jikin yaro ɗaya, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Sabbin ma'aikata kuwa hannunsu bai faɗa ba wajen auna damtsen yaro. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne a ma'aunin, wato tamowa ta yi tsanani, ba a cewa uwa ta je ta dawo gobe. Wallahi wannan ne ke hana ni barci. Ga firjin rigakafi, in ya fita daga digiri 2 zuwa 8 allura na iya lalacewa ba wanda ya lura.

Aka amince da awon damtse da gwajin zazzaɓi yanzu, firji ya biyo baya. Kwamfuta sai bayan girbi, in Allah ya kai mu.