Ranar da na sa hannu a babur ɗin sojan Amurka

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran babur a Agege, Bajaj da TVS su ne tuwonmu, ko ido a rufe zan kwance injinsu in mayar. To ranar Asabar ɗin nan Oga ya ce in ɗauko akwatin sifana mu je Ikoyi, wai wani mutum tsohon babur ɗinsa ya ƙi tashi. Muna shiga garejin sai na tsaya cak. Harley-Davidson WLA ne, koren soja, da farin tauraro a tanki.

Mai shi ya ce a birnin Milwaukee na Amurka aka ƙera su tun daga 1940 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyat kaɗai an tura mata sama da dubu 30. Ni dai hankalina na kan ƙarfen. Silinda biyu, 740cc, kuloci da ƙafar hagu ake taka shi, giya uku kuma da hannu ake sawa a gefen tanki kamar tsohuwar mota, baya babu shokazoba ko ɗaya sai sifirin ɗin ƙarƙashin kujera, wato duk ramin da ka faɗa ƙugunka ne zai sha. Na ɗauko galan zan zuba fetur a tankin dama Oga ya damƙe min hannu, ya ce kai yaro tsaya, wannan na baƙin mai ne, fetur na hagu.

Abin da ya fi shiga raina wlh shi ne komai a fili yake. Bawul a gefe, filogi na kallonka, matatar iskarsa ma mai ake zuba mata ya riƙe ƙura, ka wanke ka mayar ba sai ka sayi sabuwa ba. Ƙarƙashin inji an sa farantin ƙarfe saboda duwatsu. Wanda ya zana shi ya san soja ne zai gyara a bakin hanya, ba shago ba wuta, kuma irin wannan tunanin nake nema a baburan yanzu da aka lulluɓe da roba ban cika gani ba.

Kabireta ce ta toshe, tsohon fetur ya daskare ciki kamar ƙaro. Na wanke ta, Oga ya buga kik sau huɗu, a na biyar ya kama, garejin gaba ɗaya ya ɗauki rugugi har maigadi ya leƙo. Mai shi ya ce mu dawo wata mai zuwa mu duba sarƙa, tun a danfo, motar hayar Legas, na roƙi Oga kar ya tafi da kowa sai ni.