Matakin ƙafa ko madogarin jita?

Jita mai tsirkiyar nailan a cinyar hagu take zama, wuyanta a ɗage kusan digiri 45. An saba da ɗan matakin ƙarfe a ƙarƙashin ƙafar hagu, tsayin santimita 10 zuwa 20, gwargwadon kujera. Illarsa ita ce yana karkata ƙugu, in an daɗe a zaune sai ciwon baya.

Na fi son madogarin da ake mannawa da roba a gefen jitar, irin ErgoPlay ko Gitano, ƙafafun makaɗi biyu a ƙasa. Sai dai ƙurar birnin Omdurman na Sudan tana hana robar kamawa, jita ta zame ana tsakar kiɗa. A goge robar da tsumma mai ɗan danshi, gefen jitar da busasshe, sannan a manna. In jallabiyar mai santsi ce, a shimfiɗa ƙyallen fata a cinya.