Asabar, a kan gadar Brooklyn

Yau ba aiki. Ƙanena da ya zo daga Kumasi ya matsa sai mun taka gadar Brooklyn ta birnin New York da ƙafa, don haka bayan azahar muka hau jirgin ƙasa daga Bronx. Jama'a ba masaka tsinke, kowa na ɗaukar hoto. Ni da nake cin abinci da gini, idona na kan manyan igiyoyin ƙarfen nan huɗu.

A jikin hasumiya ya ga allon tunawa da Emily Roebling, ya ce, "Yaya, mace ce ta gina wannan?" Na ce zauna ka ji. Mijinta Washington Roebling injiniya ne da ya shiga rundunar Arewa a yaƙin basasar Amurka a 1861 yana kurtu, ya fito yana kanar. A fagen daga na Gettysburg a 1863 yana tare da Janar Warren, ƙanwar janar ɗin kuma ya aura. Zanen gadar na mahaifinsa ne, amma a 1869 jirgin fito ya murƙushe ƙafar tsohon, raunin ya zama ajalinsa. Aiki ya faɗo kan ɗan yana shekara 32.

Harsashin a ƙasan kogi aka haƙa shi, cikin ƙaton akwatin katako da aka kife, ana tura iska da ƙarfi don kada ruwa ya shiga. Wanda ya yi saurin fitowa, ciwon gaɓoɓi ya naɗe shi. Roebling ba ya tura lebura inda bai shiga ba, halin soja, kuma a 1872 ciwon ya kwantar da shi. Daga tagar ɗakinsa yake duba aiki da madubin hangen nesa, Emily na kai wa injiniyoyi umarninsa har aka buɗe gadar a 1883.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan kwangilar wayar ƙarfen da ake haɗa igiyoyin da ita. Sai a duba kaya mai kyau, a hanya ya musanya da marar kyau. Kafin asiri ya tonu an riga an saka ta cikin igiyoyin, ba halin cirewa. Amma tun farko an ba gadar ƙarfi ninkin-ba-ninkin abin da take buƙata, sai Roebling ya sa aka ƙara waya 150 a kowace igiya, aiki ya ci gaba. Ƙanena ya tambaya ko daga baya an canza wayar marar kyau. Na ce ina, tana ciki har yau, ga motoci na wucewa ƙarƙashinmu. Bai yarda mun dawo ta kan gadar ba, jirgi muka hau.