Laraba: adana fayil ɗin hali da saƙonnin kuskurensa

Aikin yau gaba ɗaya ya tafi a kan yadda ƙaramar manhajarmu, wadda aka rubuta da harshen shirya manhaja na Go, ke adana fayil ɗin hali, da yadda take karanta shi, da abin da take faɗa wa mutum idan karatun ya ci tura. Tsarin fayil ɗin irin na Terraform ne, manhajar da ake ƙirƙira da sarrafa sabobi (kwamfutocin da ke ba da hidima) da ita: rubutu ne a tsarin bayanai na JSON mai ɗauke da `version`, `serial`, `lineage`, `outputs` da `resources`. Shi ne kamar littafin mai sito, a ciki aka rubuta kowace saba da kowane rumbun bayanai da lambar shaidarsa. Idan ya lalace, sabobin na nan suna aiki, amma manhajar ta daina sanin nata ne.

Da safe na fara da karatu. Abin da `encoding/json`, sashen Go mai karanta JSON, ke bayarwa idan ya yi tuntuɓe gajere ne ƙwarai, misali `invalid character '}' looking for beginning of object key string`. Babu sunan fayil, babu layi. Mutumin da aikinsa ya tsaya ba zai tsinci komai a nan ba. Amma kuskuren `SyntaxError` yana zuwa da `Offset`, wato yawan bayit ɗin da aka karanta kafin a tsaya. Sai a ƙirga alamomin sabon layi daga farkon fayil zuwa wurin, a sami lambar layi, a kuma ƙirga daga farkon layin a sami gurbi. Abu biyu ke ruɗa lissafin. Harafin da ya jawo matsalar yana cikin waɗanda aka riga aka karanta, don haka yana a `Offset` a cire 1. Sannan bayit ba harafi ba ne: ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 yake ci a UTF-8, tsarin da ake adana haruffa da shi. Idan an sa wa saba laƙabi irin "ɗakin ƙasa", gurbin da aka ƙirga da bayit zai zarce wanda editan mutum ke nuna masa. Da `utf8.RuneCount` ake ƙirga gurbin.

Wancan saƙon na sama kusan kullum waƙafi ne da aka bari a ƙarshen jeri bayan an goge wani abu da hannu. Manhajar tana nuna bakan rufewa, alhali laifin yana layin da ya gabata. Yanzu saƙonmu yana cewa: fayil kaza, layi 412, gurbi 5, an ci karo da `}` bayan waƙafi, a duba ƙarshen layi 411. Yana kuma buga layukan biyu da ƴar kibiya a ƙarƙashin wurin.

A nan na daɗe ina tunani, domin buga layi na da haɗari. Fayil ɗin hali yana riƙe kalmomin sirri na rumbun bayanai da mabuɗai a fili, ba a rufe ba, sai dai in an yi amfani da wani abu irin rufewar da OpenTofu, wata manhaja da ta samo asali daga Terraform, ya kawo a fitowarsa ta 1.7 a 2024. Saƙon kuskure kuwa yana ƙarewa a rajistar aiki da mutane da yawa ke gani, wani ma ya ɗauki hotonsa ya tura a WhatsApp yana neman taimako. Shawarar da na tsaya a kai ita ce a nuna sunan mabuɗi, a rufe duk ƙimar da ke bayan alamar ɗigo biyu da taurari. Wanda ke son ganin ainihin layin ya buɗe fayil ɗin da kansa, ai an ba shi lamba.

Bayan azahar na koma kan bayit ɗin farko na fayil, wanda shi kaɗai ke bayyana matsaloli da dama kafin a kira mai fassarar JSON. Idan Go ya ce `invalid character 'ï'`, to EF BB BF ne a gaba, alamar da wasu editoci na Windows ke liƙawa a farkon UTF-8. Ƙa'idar RFC 8259 ta 2017 ta hana a rubuta ta, amma ta yarda mai karatu ya kau da kai, don haka muna cire ta mu ci gaba. Idan `'ÿ'` ne, FF FE ke nan: an yi `terraform state pull > fayil` a Windows PowerShell 5.1, wanda ke rubutawa da UTF-16. Wannan ba ma gyara shi a ɓoye, muna faɗa wa mutum ya sake adanawa da UTF-8. Idan kuma `<` ne a farko, shafin HTML ne ya dawo maimakon fayil, galibi daga shafin shiga na wata hanyar intanet. Idan `<<<<<<<` ne a tsakiya, rikicin haɗewar Git ne, wato gyare-gyare biyu sun ci karo a manhajar adana tarihin fayiloli, kuma saƙon yana gargaɗin kada a ɗinke ɓangarorin biyu da hannu, a ɗauki mai `serial` (lambar da ke ƙaruwa duk lokacin da fayil ya canza) mafi girma a sake gwada shi da abin da ke aiki a zahiri.

Abin da ya fi damuna shi ne fayil marar komai ko wanda ya yanke. `json.Unmarshal` yana cewa `unexpected end of JSON input`, shi kuwa `Decoder` yana ba da `io.EOF` ga marar komai da `io.ErrUnexpectedEOF` ga yankakke, dole a kama duka ukun. Rashin fayil daban, fayil mai bayit 0 daban. Na farko yana iya nufin sabon aiki. Na biyu yana nufin rubutu ya katse, kuma idan manhaja ta ɗauke shi a matsayin sabon aiki, za ta shirya sake ƙirƙirar duk abin da ke nan da ransa. Tamu yanzu tsayawa take yi cak, ta ambaci fayil ɗin ajiya na baya da `serial` ɗinsa da lokacin da aka rubuta shi.

Lambar `version` ita ake fara karantawa ita kaɗai, kafin sauran. Terraform yana kan 4 tun fitowar 0.12 a 2019. Idan lambar ta wuce wadda muka sani, sai a ce wa mutum ya sabunta manhajarsa, kar a bar shi da ƙorafin nau'in bayanai da ba zai gane tushensa ba. Na kuma kunna `UseNumber`, saboda lambar da ta haura 9007199254740992 tana iya canzawa shiru idan ta bi ta `float64`.

Da la'asar na gyara adanawa, wadda ita ce tushen yankakken fayil. Buɗe fayil da `O_TRUNC` yana share tsohon abu kafin sabon ya sauka, idan aka ɗauke wuta ko faifai ya cika a tsakani, an yi biyu babu. Hanyar da ta dace: a rubuta a fayil na wucin gadi a cikin wannan foldar, da izinin 0600 (mai fayil kaɗai ke iya karantawa da rubutawa), a kira `Sync`, a rufe, a sake karanta shi don tabbatar da JSON ne lafiyayye, a kwafe tsohon zuwa ajiya, sannan a yi `Rename`, a kuma yi `Sync` ga foldar kanta don sabon sunan ya zauna a faifai. Dole folda ɗaya, domin sauya suna daga `/tmp` zuwa wani faifai yana faɗuwa da kuskuren `EXDEV`. A Windows kuwa takardun Go sun faɗa ƙarara cewa sauya sunan ba ya aukuwa a bugu ɗaya, shi ya sa ajiyar baya ta fi muhimmanci a can.

Kafin rubutu akwai bincike biyu, irin waɗanda `terraform state push` ke yi: idan `lineage`, lambar shaidar da aka ba fayil tun ƙirƙirarsa, ya bambanta, fayil ɗin wani aiki ne daban; idan `serial` ɗin fayil ɗin da aka riga aka adana ya fi namu, wani ya riga mu rubutu. Saƙon yana buga lambobin biyu gefe da gefe.

Saura kulle, don kada mutum biyu su yi rubutu lokaci guda. Gobe in Allah ya kai mu zan sa saƙonsa ya faɗi wanda ya riƙe makullin, daga wace kwamfuta, tun ƙarfe nawa.